Minti 4 ko awa guda: Wane motsa jiki ya fi rage tumbi a Birnin Kudu da Gwaram?

Bidiyon da ke alƙawarin narkar da tumbi da atisayen minti huɗu a kullum sun cika TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma sun iso wayoyin matasa da ma'aikata a kudancin Jihar Jigawa. Za ku ga saurayi yana tsalle, yana tsugunawa yana miƙewa, yana haki, daga nan a ce muku wannan ya fi tafiyar awa guda amfani.

A ɗaya ɓangaren kuma ga shawarar da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna bai wa masu hawan jini da ciwon suga: a riƙa tafiya a ƙasa da ɗan sauri, aƙalla rabin awa, kusan kullum.

Maganar ta wuce ta gyaran jiki don kwalliya. Ƙiyasin masu bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan 'yan Najeriya yana da hawan jini, kuma da yawa ba su san suna ɗauke da shi ba. A ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda ƙidayar 2006 ta nuna suna da mutum sama da 300,000 da kuma sama da 270,000, rayuwa ta sauya cikin 'yan shekaru. Babur ya karɓe tafiyar ƙasa, injin niƙa ya karɓe turmi da taɓarya, famfo ya karɓe guga.

Amsar a taƙaice ita ce: wajen rage kitse, gajeren atisaye mai tsanani da dogo mai sauƙi kunnen doki suka yi. Wajen ƙarfafa zuciya, gajeren yana rage ɓata lokaci, amma da sharuɗɗa. Wanda ya dace da mutum ya danganta da sana'arsa da shekarunsa da lafiyarsa da kuma watan da ake ciki.

Daga ina maganar minti huɗu ta fito?

Asalinta wani bincike ne da masanin Japan, Izumi Tabata, ya wallafa a 1996. Ya raba ɗalibai maza masu karatun wasanni gida biyu, ya sa su tuƙa keken motsa jiki na tsawon mako shida.

Rukuni na farko suna tuƙi na awa guda ba tare da matsa wa kai ba, sau biyar a mako. Rukuni na biyu kuwa suna tuƙi da iyakar ƙarfinsu na daƙiƙa 20, su huta na daƙiƙa 10, su maimaita sau bakwai zuwa takwas. Jimilla minti huɗu ke nan.

Duka rukunin biyu sun samu ƙaruwar ƙarfin zuciya da huhu. Amma na biyun sun ƙara da wani abu: juriyarsu ta aiki mai tsanani na ɗan lokaci ta ƙaru da kashi 28 cikin ɗari.

Akwai abubuwa uku da masu bidiyo ba sa faɗa. Na farko, binciken bai auna kitse ba sam. Na biyu, samari ne masu lafiya da suka saba wasanni, kuma sai sun ɗumama jiki kafin su fara. Na uku, tsananin da suka yi aikin ya kai matakin da mutum ke sauka daga keke da kyar. Tsalle-tsallen da yawancin mutane ke yi a ɗaki suna kallon waya bai kama ƙafar wannan ba.

Me bincike ya ce kan kitse?

A 2017 wasu masana a Ostireliya suka tattara bincike 13 da aka yi kan masu ƙiba, suka kwatanta hanyoyin biyu. Bayan kimanin mako goma, duka biyun sun rage kitse da kusan kilo biyu, sun rage faɗin ƙugu da kusan santimita uku. Babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu, illa dai masu gajeren atisayen sun kashe lokacin da ya gaza na takwarorinsu da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Masu tallata gajeren atisaye kan ce jiki yana ci gaba da ƙona kitse sa'o'i da yawa bayan an gama. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ƙaramin abu ne. Nazarin da aka wallafa a 2006 ya nuna wannan ƙarin bai wuce kashi 6 zuwa 15 cikin ɗari na abin da aka ƙona lokacin atisayen ba. Wanda ya ƙona kalori 200, ƙarin da zai samu daga baya bai kai na ƙaramin cokali biyu na suga ba.

Haka nan babu atisayen da ke cire kitse daga wuri guda. Kwanciya rigingine ana ɗago kai sau ɗari yana ƙarfafa naman ciki, amma kitsen da ke kansa sai jiki ya rage gaba ɗaya yake raguwa.

Lissafin kwano

Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Mutum mai nauyin kilo 75 da ya yi tafiya mai sauri ta minti 45 zai ƙona tsakanin kalori 200 zuwa 250. Idan ya yi haka sau biyar a mako, bai ƙara abinci ba, zai ɗauki wajen mako shida zuwa takwas kafin kilo guda ya tafi. Atisayen minti huɗu kuwa, duk tsananinsa, da wuya ya ƙona rabin abin da tafiyar nan ɗaya ta ƙona.

To a duba ɗaya gefen. Robar lemon kwalba mai santilita 50 tana da kimanin kalori 200, da suga da ya kai ƙaramin cokali 13. Babban cokali guda na man gyaɗa kalori 120 ne. Wato wanda ya yi tattaki bayan Asuba, ya dawo ya zauna a teburin mai shayi ya sha mai kauri da madara da suga da burodi, da rana ya kora shinkafa da mai da yaji da lemo mai sanyi, ya mayar da abin da ya ƙona har da riba.

Akwai kuma wani abu da ya ba masana mamaki. A 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna 'yan ƙabilar Hadza ta Tanzaniya, waɗanda ke rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itace, suna tafiya mai nisa kullum. Sai aka ga abin da jikinsu ke ƙonawa a yini bai bambanta sosai da na mazauna biranen Amurka da Turai ba, idan aka yi la'akari da girman jiki. Jiki yana da dabarar tsuke bakin aljihu a wani wuri idan an sa shi kashewa a wani.

Ma'anar wannan ita ce, wanda ke son rage nauyi dole ya dubi kwanonsa. Motsa jiki yana taimakawa, musamman wajen rage kitsen cikin ciki da ke kewaye da hanta da hanji, da kuma hana nauyi dawowa. Amfaninsa mafi girma yana ga zuciya da jini da suga, ko da sikeli bai motsa ba.

Inda gajeren ya yi fice

A 2016 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada, ƙarƙashin Martin Gibala, sun gwada maza da ba su saba motsa jiki ba na tsawon mako 12. Wasu suna tuƙa keke na minti 45 a matsakaicin ƙarfi. Wasu kuma zamansu duka minti 10 ne, a ciki akwai tsere uku na daƙiƙa 20 kowanne. Sau uku a mako kowa ke yi.

A ƙarshe ƙarfin zuciya da huhu ya ƙaru da kusan kashi 19 cikin ɗari a duka rukunin, kuma yadda jikinsu ke sarrafa suga ya inganta kusan daidai.

A birnin Trondheim na Norway an bi tsofaffi 1,567 masu shekara 70 zuwa 77 har shekara biyar. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna kashi 3 cikin ɗari ne suka rasu a rukunin atisaye mai tsanani, kashi 5.9 a rukunin matsakaici, kashi 4.7 a rukunin da aka bar su da shawarar hukuma kawai. Masu binciken da kansu sun ce ratar ba ta kai a yanke hukunci da ita ba. Abin da ya fito fili shi ne tsofaffi masu lafiya, da aka duba su kafin su fara, suna iya yinsa.

Wannan ne ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta karɓi hanyoyin biyu. Ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, ko ya haɗa su, sannan ya ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. A lissafinta, minti ɗaya mai tsanani daidai yake da minti biyu na matsakaici. Ba ta ce daidai yake da minti goma sha biyar ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane matakin da kuke ita ce magana. Idan kuna iya hira amma ba za ku iya rera waƙa ba, matsakaici ne. Idan ba ku iya haɗa kalmomi huɗu ko biyar sai kun ja numfashi, kun shiga mai tsanani.

Manomi da ma'aikaci ba ɗaya ba ne

Yawancin waɗannan bincike an yi su ne kan mutanen da ke wuni a kujera. A yankin Birnin Kudu da Gwaram, irin waɗannan su ne ma'aikatan sakatariya da na asibiti, malaman makaranta, 'yan kasuwa masu zaman kanti, teloli, direbobi da 'yan acaɓa. Ɗan acaɓa yana wuni a waje yana dawowa a gajiye, amma a zaune ya wuni. Su ne wannan muhawara ta fi shafa.

Manomin da ke huɗa da noma a damina, ya yanke gero da dawa da riɗi da kaka, ko mai dakon buhuna a kasuwar Sara, lamarinsa daban ne. Ba ya buƙatar a ce masa ya yi tsalle a ɗaki. Sai dai aikin ƙarfi ba lallai ya zama kariya ba. Wani bincike a Kofanhagan ta Denmark kan mutum sama da 104,000, wanda aka wallafa a 2021, ya gano motsa jiki na nishaɗi yana tafiya da raguwar ciwon zuciya da mutuwa, alhali aikin ƙarfi na sana'a yana tafiya da ƙaruwarsu. Masana na danganta hakan da daɗewa ana aiki ba hutu, da ɗaukar kaya masu nauyi da ke ɗaga jini sa'o'i da yawa.

Denmark ba Gwaram ba ce, amma darasin ya isa nan. Siririn manomi ma yana iya kamuwa da hawan jini, don haka abin da ya fi masa amfani shi ne awon jini, da hutu, da rage gishiri da sinadarin ɗanɗano.

Akwai wani dalilin da ya sa bai kamata a ɗauki maganar a matsayin ta masu kuɗi kawai ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna sama da kashi 60 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Jigawa sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. An daɗe da sanin cewa wanda ya taso a haka, idan ya girma ya samu abinci mai maiƙo da zaƙi da aikin zama, ya fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon suga. Ɗan ƙaramin tumbi a jikin siririn mutum abin lura ne, ko da abokai suna ce masa alamar samu ce.

Matan cikin gida

Binciken na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kashi 12 kuma sun rame fiye da ƙima. Duka matsalolin biyu ana samunsu a gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya.

Iyayenmu mata sun yi gajeren atisaye mai tsanani tun kafin a raɗa masa suna. Daka da sussuka da jan ruwa a rijiya mai zurfi duk aiki ne na a yi da ƙarfi, a huta, a koma. Sauƙin da inji ya kawo alheri ne, amma ya bar gurbin da ba a cike ba.

Macen da ba ta fita tattaki a titi, a nan gajeren atisaye ya fi yi mata rana, domin tsakar gida ya ishe shi: tafiya a wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa, tashi da zama daga kujera, hawa da sauka a dakali, tsallen igiya ga mai ƙarfin gwiwa. Wani bincike a Birtaniya da ya fito a ƙarshen 2022, kan mutum kusan 25,000 da ba sa zuwa kowane atisaye, ya gano waɗanda ke yin aiki mai sa haki na kimanin minti ɗaya, sau uku ko huɗu a yini, haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 40 cikin ɗari idan aka kwatanta da marasa yi. Alaƙa ce aka gani, ba tabbacin dalili ba, amma ta nuna kaɗan ma ya fi babu.

Mai juna biyu ta tsaya a matsakaici, bisa shawarar masu awo. Masu shan magungunan ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe kuma su sani wasunsu na ɗauke da sinadaran da ke tayar da suga da jini, kuma babu atisayen da zai gyara wannan muddin ana ci gaba da sha.

Zafi, hazo da azumi

Daga Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan kai ko ya haura digiri 40. Atisaye mai tsanani yana ɗaga zafin jiki da sauri, don haka a waɗannan watanni lokacinsa bayan Asuba ne ko bayan faɗuwar rana, kuma da ruwa a kusa.

Lokacin hunturu matsalar ƙura ce. Mai gudu yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin ta mai tafiya, kuma ta baki yake shaƙa. Ranar da hazo ya yi kauri, masu asma da masu ciwon ƙirji su yi nasu a cikin ɗaki.

A watan Ramadan, ƙa'idojin likitocin ciwon suga na duniya sun gargaɗi masu cutar da su guji aiki mai tsanani, musamman dab da buɗa-baki, saboda suga na iya faɗuwa. Sun kuma lissafa sallar Tarawihi cikin motsa jikin yini.

Wa ya kamata ya yi hattara?

Wanda ya haura shekara 40 kuma ya daɗe bai motsa jiki ba, da mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, kada su fara da mai tsanani sai sun ga ma'aikacin lafiya. Ana awon jini a cibiyoyin lafiya na matakin farko, kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tana nan ga wanda ke buƙatar bincike mai zurfi.

Samarin da ke gudun safe don shirin shiga aikin soja ko ɗan sanda su san rukunin jininsu. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. Binciken da aka yi kan sojojin Amurka baƙar fata kusan 48,000, wanda ya fito a 2016, ya nuna masu AS sun fi sauran fuskantar lalacewar tsoka saboda atisaye mai tsanani da kashi 54 cikin ɗari, ko da yake mutuwa ba ta ƙaru a cikinsu ba. Ba a hana su wasa ba, amma su hau a hankali, su sha ruwa, su guji rana tsaka.

Ciwon ƙirji, jiri, numfashin da ya ƙi daidaita bayan hutu, ko fitsari mai launin shayi bayan atisaye, duk alamu ne na a tsaya a nufi asibiti.

Hanyar tsakiya

Akwai tsarin da ya haɗa biyun, kuma ba ya buƙatar ko kwabo. Masana a Jami'ar Shinshu ta Japan, ƙarƙashin Hiroshi Nose, sun gwada shi kan manya da tsofaffi: minti uku na tafiya da sauri, minti uku a hankali, a maimaita sau biyar, aƙalla kwana huɗu a mako. Rahotonsu na 2007 ya nuna masu wannan tsari sun fi masu tafiya bai-ɗaya samun ƙarfin cinya da juriya da saukar jini.

Sabon farawa ya yi wata guda yana tafiyar minti 20 zuwa 30 kafin ya soma saka minti ukun sauri. Masallacin da ke ɗan nesa, ko barin babur a gida idan tafiyar ba ta wuce kilomita ɗaya ba, sun isa mafari, balle yanzu da kuɗin fetur ya ninka tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Matasa kuwa ƙwallon yamma da langa da kokawa gudu-da-hutu ne tun asali.

Ga wanda aka ce masa sugansa ya fara hawa, akwai hujja mai ƙarfi. Wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna tafiyar minti 150 a mako tare da rage kimanin kashi 7 cikin ɗari na nauyi ta rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin ɗari, alhali maganin metformin ya rage da kashi 31.

Ƙananan hukumomi da masu unguwanni ma suna da rawar takawa: kare filayen ƙwallo da na makarantu daga masu yanka fulotai, da ware wa mata wuri da lokaci na kansu, da kai na'urar awon jini kasuwanni ranar ci.

Kafin duk wannan, akwai gwajin da kowa zai iya yi yau a gida. Ku yanko zare daidai tsawonku, ku ninka shi biyu, ku zagaya shi a ƙugu daidai saman cibiya. Idan bakunan ba su haɗu ba, ƙugunku ya wuce rabin tsawonku, kuma lokaci ya yi da za ku je a auna jininku da suganku, sannan ku zaɓi motsa jikin da za ku iya riƙewa har damina ta zagayo.